Masarar da ta ƙi yuriya: yadda tsiro ke auna farar wuta

Idan damina ta yi nisa masara ta kai gwiwa a gonakin Ruwan Bago da sauran ƙauyukan Rogo da Karaye, da zarar ganye ya fara ɗorawa-ɗorawa abin da iyayenmu ke cewa shi ne, "Tana son taki." Sai a sayar da akuya ko a ci bashi a sayo yuriya. Sau da yawa maganin ke nan, cikin mako guda gona ta yi kore shar. Amma akwai gonar da za a zuba mata yuriyar ta ƙi farfaɗowa, kuɗin kuma sun riga sun tafi. A irin wannan gona, mai yiwuwa abin da masarar ke nema farar wuta ce.

E, farar wutar nan da masu magani ke kasawa a kasuwa, wadda ake kwaɓawa da mai don ciwon fata. (Har yau mun kasa gane wanda ya raɗa mata "fara", alhali ruwan ɗorawa ce.) Tana cikin sinadaran da tsiro ba ya rayuwa sai da su. Ita ce ke cikin yajin albasa mai sa mu hawaye, da warin tafarnuwa da na kabeji. Babban aikinta dai shi ne gina furotin, domin biyu daga cikin tubalansa, sistin da metiyonin, suna ɗauke da ita. A jikin yawancin amfanin gona, duk kashi 15 na naitirojin yana bukatar kusan kashi ɗaya na farar wuta. Kaɗan ce, amma idan babu ita naitirojin ɗin da aka kashe wa kuɗi sai ya taru a ganye ba tare da ya zama furotin ba.

Tsiro ba ya iya shan garin farar wuta kai tsaye. Sai ta haɗu da iskar oksijin ta zama gishirin da ake kira salfet, ta narke a ruwan ƙasa. Ko a haka ma ba ta shiga saiwa da kanta. A fatar ƙwayoyin saiwa akwai wasu furotin da ke aiki kamar ƙofofi, su ne ke jawo salfet ciki, kuma jawowar tana cin ƙarfin tsiron. Shi ya sa ba ya barin ƙofofin da yawa a banza. Idan ya ƙoshi sai ya rage ƙera su, rarar da ya samu kuma ya adana ta a wata jakar ruwa da ke cikin ƙwayoyinsa. Idan ya ji ƙaranci sai ya ninka su cikin 'yan kwanaki.

To ta yaya abin da ba shi da ƙwaƙwalwa yake sanin ya ƙoshi? Nan ne abin ya fi ba mu mamaki a aji. Salfet na bin jijiyoyin ruwa ya hau ganye, inda ake amfani da ƙarfin hasken rana a cire masa oksijin, sannan a ɗora farar wutar a kan wani sinadari mai naitirojin da masana ke taƙaita sunansa da OAS. Haɗuwarsu ce ke ba da sistin. Ku ɗauki OAS kamar buhunan da aka tanada ranar casa. Idan masara na zuwa, buhuna na cika ana kwashewa. Idan ta yanke, buhuna fanko za su taru jibgi, duk wanda ya gani ya san akwai matsala. Haka taruwar OAS ke zama alamar da ke sa tsiro ƙara ƙofofi. Idan kuwa farar wuta ta wadata, wani sinadarin da ake yi daga sistin, gulutatiyon, yakan yawaita ya gangara zuwa saiwa, sai jawowa ta ragu. Akwai dalilin wannan taka-tsantsan: a tsakiyar aikin ana samun salfayit da salfayid, kuma idan suka taru guba ne ga tsiron kansa.

A shekarar 2006 masu bincike a Japan, suna aiki da wata 'yar ciyawa dangin kabeji mai suna Arabidofsis, suka gano furotin ɗin da ke ba da umarnin, suka kira shi SLIM1. Tsiron da nasa ya lalace ba ya iya ƙara jawo salfet yadda ya kamata ko da yunwarsa yake yi. Dangin kabeji ma idan abin ya tsananta sukan rushe sinadaran yajin da suke kare kansu daga ƙwari da su, su kwashi farar wutar su gina furotin.

Sai dai duk wannan dabara ba ta haifar da abin da babu shi a ƙasa, kuma ƙasarmu ta Arewa ba ta da farar wuta da yawa. Mafi yawanta na ɓoye ne a ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi, mu kuwa kara muna kwashe shi don danni da girki da abincin shanu, sauran kuma a cinna masa wuta lokacin sharar gona, farar wutar ta bi hayaƙi. Ruwan sama ma bai cika kawo ta ba. Awon da aka yi a Arewacin Najeriya a shekarun 1970 ya nuna kusan kilo ɗaya kacal a hekta a shekara. A Ingila hayaƙin kwal ne ya daɗe yana zubo wa manoma ita kyauta, sai da aka tsabtace iska daga shekarun 1980 sannan gonakinsu suka fara nuna ƙaranci.

Tun zamanin dalar gyaɗa masu bincike a Samaru ta Zariya suka lura cewa amfanin da gyaɗa ke samu daga takin supa ba na fosfaros kaɗai ba ne, har da farar wutar da ke cikinsa, wajen kashi 11 zuwa 12 cikin ɗari. Takin salfa na da kashi 24. Yuriya ba ta da ko kaɗan, kamfa kuma sai an duba jikin buhu. Gyaɗa da waken suya sun fi jin jiki, domin ƙululun saiwarsu masu kamo naitirojin daga iska ba sa aiki sosai sai da farar wuta.

Ga abin da za ku iya dubawa da idonku, kuma yakan fito a darasin aikin gona. Naitirojin na tafiya cikin sauƙi daga tsohon ganye zuwa sabo, don haka ƙarancinsa na fara bayyana a ganyen ƙasa. Farar wuta ba ta cika ƙaura ba, sai ku ga ganyen ƙasa kore, sababbin na sama kuma sun koɗe gaba ɗaya. Kada dai a yi saurin yanke hukunci, don ƙarancin ƙarfe ma na koɗar da sabon ganye, sai dai shi yakan bar jijiyoyin kore, wuta-wuta da kwanciyar ruwa su ma suna da nasu. Ku roƙi Baba kunya huɗu a gefen gona: biyu a sa musu yuriya, biyu a sa salfa wanda ya ɗan haura ninki biyu na nauyin yuriyar, tunda naitirojin ɗinsa kashi 21 ne, na yuriya 46. Bayan mako biyu ku kira malamin gona na KNARDA ku duba tare. Idan na salfa suka fi kore, a tambaye shi adadin da ya dace, domin yawan salfa shekara da shekaru yana sa ƙasa tsami.