Daga Gwammaja Zuwa New York: Yaya Jirgin Sama Ke Rushe Gini?

Har yau a majalisun hira na Fika da Potiskum, kamar sauran garuruwan ƙasar nan, idan aka tayar da zancen harin ran 11 ga watan Satumba, 2001, ba a rasa mai cewa shi bai yarda ba. Hujjarsa kuwa ita ce, yaya za a yi jirgin da aka ƙera da alminiyam, watau irin ƙarfen tukunya, ya huda benen ƙarfe mai hawa 110, har ya kai shi ƙasa? Tambaya ce ta hankali, ta kuwa cancanci amsa ta hankali.

Mutanen Kano dai sun ga irin wannan masifa da idonsu. Ran 4 ga watan Mayu, 2002, jirgin kamfanin EAS, ƙirar BAC 1-11, ya tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zai tafi Ikko, sai ya faɗa unguwar Gwammaja. Ya rushe gidaje da dama, gobara ta tashi, mutane fiye da 100 suka rasu, har da Ministan Wasanni Ishaya Mark Aku. Alhali kuwa wannan jirgi bai kai rabin nauyin waɗanda suka daki benayen New York ba, kuma tashinsa ke nan, bai kai ga cikakken gudu ba.

Sirrin abin yana ga gudu. Masana sun tabbatar cewa idan gudun abu ya ninka biyu, ƙarfin dukansa ninkawa huɗu yake yi; idan ya ninka goma, ya ninka ɗari. Shi ya sa harsashin dalma, duk da taushinsa, yake huda kwano. Direbobin Potiskum sun san ɓarnar da tirela mai tan 30 take yi in ta ƙwace tana gudun kilomita 80. To, Boeing 767 da ya daki bene na biyu ya kai nauyin irin wannan tirela huɗu, yana kuma gudun fiye da kilomita 800 a sa'a. Watau dukansa ya yi daidai da na tirela 400 a lokaci guda.

Duk da haka, ba dukan ne kaɗai ya kayar da benayen ba. Na arewa ya yi minti 102 a tsaye bayan an dake shi, na kudu kuma minti 56. Binciken da hukumar NIST ta Amurka ta fitar a 2005 ya nuna cewa jiragen sun datse ginshiƙai da yawa, sun kuma kankare rufin da ke kare ƙarfe daga wuta. Kowane jirgi yana ɗauke da mai kimanin lita 38,000, wanda ya kunna wa kujeru da takardu da sauran kayan ofis wuta a hawa da yawa lokaci ɗaya.

A nan masu shakka sukan ce ai man jirgi ba ya narkar da ƙarfe. Gaskiyarsu, domin ƙarfen gini sai wajen digiri 1,500 yake narkewa, wutar kuwa ba ta wuce kimanin 1,000 ba. Amma a tambayi maƙeri. Ba ya jiran ƙarfe ya narke. Da ya yi ja sai ya lanƙwasa shi yadda ya so. A wajen digiri 600, ƙarfe yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa. Da dabe ya lotsa, ya jawo ginshiƙan bango ciki, sai nauyin saman bene ya auka wa ƙasansa. Na kudu, da aka daka ƙasa-ƙasa, ya fi ɗaukar nauyi bisa rauninsa, shi ne kuwa ya riga faɗuwa.

Wasu kuma sukan kawo misalin benen Empire State, wanda jirgin soja B-25 ya daka cikin hazo ran 28 ga watan Yuli, 1945, mutum 14 suka mutu, ginin bai faɗi ba. Sai dai nauyin wancan jirgi bai wuce kashi ɗaya cikin goma na Boeing 767 ba, gudunsa bai kai rabi ba, mansa kuma kaɗan ne.

Mutum yana da ikon ƙin yaƙe-yaƙen da Amurka ta kai Afganistan a 2001 da Iraƙi a 2003, amma wannan zancen siyasa ne, wancan kuwa zancen awo da lissafi. Haɗa su yana da haɗari, domin wanda ya raina abin da wuta ke yi wa ƙarfe, shi ne zai gina bene ba hanyar tsira, ko ya bari a cika bakin filin jirgi da gidaje. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a Gwammaja, Ya kiyaye gaba.