Idan firigon allurar lamba ya yi kuka

Daga farkon watan Nuwamba na 2022 zuwa 27 ga Janairu na 2023, mutum 559 suka kamu da sanƙarau a jihar Damagaram, 18 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. A watan Yuli na 2023 kuma mashaƙo ya ɓulla a gundumar Matamai. Cututtukan nan biyu duk suna da allurar rigakafi, wadda muka fi sani da lamba. Amma lamba ba ta aiki sai in maganin ya iso hannun yaro da ransa, ransa kuwa sanyi ne. Tun daga inda aka haɗa shi, zuwa babban ɗakin sanyi na Yamai, zuwa Damagaram, zuwa ƙaramin gidan likita na ƙauyen Tanut ko Dungas, ba a so ya fita daga tsakanin digiri 2 da digiri 8. A ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Shi ya sa yau muka tsaya a kan firigo, da abin da ya kamata a yi ranar da ya yi kuka.

Mene ne kukan?

A cikin firigon allura akwai wata ƴar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, irin wadda ake kira Fridge-tag. Dare da rana tana auna sanyi, tana riƙe da labarin kwana 30. In komai lafiya, sai ta nuna alamar daidai. In an sami matsala, sai ta nuna gicciye. Wasu firigogin kuma ƙara suke yi, ko su kunna jar wuta. Abu biyu ke tayar da ita: ko zafi ya haura digiri 8 ya zauna haka awa 10 a jere, ko sanyi ya sauka rabin digiri ƙasa da sifiri ya yi minti 60. Ke nan buɗe ƙofa na ɗan lokaci ba ya sa ta kuka. In ta yi, to abin ya jima yana faruwa.

Abu na farko, kada a goge alamar. A ɗauki takardar da ake rubuta sanyi safe da yamma, a sa rana da lokaci, da abin da na'urar ta nuna: zafi ne ko daskarewa, kuma awa nawa. Wanda ya kashe ƙarar don kunnensa ya huta, ya ɓoye ciwo ne wa mai magani.

In zafi ne

A rufe ƙofa, a daina leƙawa. Kowace buɗewa tana zubar da ɗan sanyin da ya rage. Sa'an nan a bi sawu, daga abu mai sauƙi zuwa mai wuya.

Firigo mai aiki da kuran, a duba ko wuta ce aka ɗauke, ko wani ne ya zare waya ya sa tasa, ko na'urar daidaita ƙarfin wuta ta ƙone. Mutanen Damagaram ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024.

Firigo mai gaz ko kananzir, harshen wuta ake dubawa. Shuɗi shi ne lafiya. In ya koma rawaya yana hayaƙi, lagwani na son gyara ko bututun hayaƙi ya cika da baƙi. Irin wannan firigo yana da wani hali: in bai zauna daram ba, ya karkata ko da kaɗan, ruwan da ke zagayawa cikin bututunsa ba ya gudu yadda ya kamata, sai wuta tana ci amma ba sanyi. Sau da yawa ɗan dutse ko guntun katako a ƙarƙashin ƙafa ɗaya shi ne dukan maganin.

Firigo mai hasken rana, wanda yanzu ya yawaita a ƙauyuka, a hau a dubi farantansa. Ƙurar hunturu, kashin tsuntsaye, ko reshen dogon yaro da ya girma ya yi musu inuwa, duk suna rage ƙarfi. Da sassafe ake wanke su, da ruwa da tsumma mai laushi, kafin rana ta gasa gilashin.

Bayan haka sai jikin firigon kansa. A sa takarda a bakin ƙofa a rufe, a ja. In ta fito salin alin, robar ƙofa ta saki, iska na shiga. A dubi ƙanƙarar da ta manne a bango: in kaurinta ya wuce rabin santimita, sai a kwashe allura a narkar da ita, kuma ba da wuƙa ba. A dubi bayansa, ko an manna shi da bango, ko an jibga masa kwalaye har ya kasa numfashi.

In an bi duk wannan sanyi bai dawo ba, ba a jira gobe. A shirya akwatin sanyi, a kai allurar gidan likita mafi kusa ko ma'ajin gunduma, a sanar da shugabanni. Ba za a maido da ita ba sai firigon ya koma tsakanin 2 da 8 ya tsaya.

Yaya za a san wadda zafi ya kashe? A jikin yawancin kwalaben akwai ɗan da'ira, da murabba'i a tsakiyarsa. Tun 1996 aka fara manna shi a kan maganin shan inna. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, magani na da kyau, in dai kwanan watansa bai ƙare ba. Ranar da launinsu ya zama ɗaya, ko murabba'in ya fi duhu, an gama da wannan kwalba. Ba sai wanda ya yi lakkwal ke iya karanta wannan alama ba. Uwar da ta kawo ɗanta tana iya cewa majo ya nuna mata.

In daskarewa ce

Nan ne aka fi yin kuskure, don mu mutanen ƙasar zafi gani muke sanyi ba ya yawa. Alhali allurar Penta, wadda ke kare yaro daga cuta biyar har da mashaƙo, da allurar sarƙewar haƙora da ake yi wa mata masu ciki, in sun daskare sau ɗaya sun lalace har abada. Bayan sun narke, ido ba ya ganewa, kuma murabba'in nan ba ya canza launi, shi zafi kawai ya sani. Za a yi wa yaro allura, a rubuta a karnensa, uwa ta koma gida hankali kwance, alhali ba a kare shi da komai ba.

An fi ganin haka a darin Disamba da Janairu, in an bar maɓallin sanyi inda aka murɗa shi tun bazara, ko an jingina kwalabe da bangon da ke yin ƙanƙara. Haka kuma in an zuba su cikin akwati tare da ƙanƙarar da aka ciro yanzu-yanzu. Ƙa'ida ita ce a shimfiɗa robobin ƙanƙarar a kan tebur har sai an girgiza an ji motsin ruwa a ciki.

Akwai gwaji. A ɗauki kwalba guda irin wadda ake shakka, ta kamfani ɗaya da lambar haɗi ɗaya, a daskarar da ita da gangan dare guda, a bari ta narke, a rubuta a jikinta. A haɗa ta da wadda ake shakka a hannu ɗaya, a girgiza daƙiƙa 10 zuwa 15, a ajiye su gefe da gefe wajen haske. A cikin maganin akwai wani gari mai laushi na alminiyom da ke ƙara masa ƙarfi. Daskarewa na dunƙule garin, sai ya riƙa kwanciya da sauri kamar tsinkakken kunu, ruwa ya taso sama. In garin wadda ake shakka ya fi jinkirin kwanciya, lafiyarta lau. In sun kwanta tare, ta daskare. Kafin a yanke hukunci, a ware kwalaben cikin sanyi da rubutun "kada a taɓa". Maɓalli kuwa kaɗan ake murɗa shi, a ba shi yini guda a ga inda ya tsaya.

Rabon jama'ar gari

Firigo na gari ne, ba na majo kaɗai ba. Kwamitin kula da gidan likita shi ya kamata ya tabbatar akwai tulun gaz na biyu a cike, da wanda zai karanta sanyi ran Asabar da Lahadi da ranar salla. Muna kuma roƙon manya su daina aiko da ruwa da ƙullin lemo a sanyaya musu da azumi. Ma'aikaci yana jin kunyar hana mai gari ko liman, amma kowace gora mai ɗumi tana cin sanyin maganin ƴaƴanmu. Kada kuma iyaye su ji haushi in an ce su dawo ranar da aka tsayar don allurar dusa: in an dama maganinta da ruwansa, awa 6 kawai yake yi, shi ya sa ake tara yara kafin a buɗe kwalba.

Makiyaya ma abin ya shafe su. Lambar ciwon huhu ta shanu, da ta annobar awaki da tumaki, waɗanda ma'aikatan dabbobi ke zagayawa da su kowace shekara, su ma sanyi suke so. Kwalbar da aka baje a tire a ranar kasuwa, kusa da gishiri da kanwa, ba abin saye ba ce kome arharta. Mai allurar kirki da akwatin sanyi yake zuwa, ya ajiye shi a inuwa, ba ya dama magani sai garke ya taru, kuma abin da ya dama yakan ƙarar da shi cikin awa ɗaya ko biyu. Saboda haka a kawo dabbobi wurin allura tun da hantsi, a wuri ɗaya.