Maganin yara kyauta ne, amma wa ke biya?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ga tambayar da ake yawan yi a ƙasar Gure: an ce maganin yara kyauta ne, don me wata rana ake ba mu takarda mu sayo waje?

Ga yadda abin yake. A 1995 doka ta ce mara lafiya ya riƙa biyan wani abu a gidan likita. Kuɗin na shiga akwati. Kwamitin mutanen gari ke tsaronsa. Da shi ake sayo sabon magani.

A 2006 gwamnati ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 biya. Haka ma awon ciki. Aka yanke dala 100 kan kowane yaro, gwamnati ce za ta mayar wa gidan likita. Likita zai ba yaro magani, ya rubuta takardar bashi, a aika wa hukuma.

Sau da yawa kuɗin ya yi watanni bai iso ba. Ga damina, ga masassara, yara sun yi yawa. Sai akwati ya ƙafe, magani ya yanke. Kafin kuɗin ya zo, abin da manya suka biya shi ke riƙe da gidan.

To, mene ne namu? Babba in ya biya, ya karɓi takardar shaida. In an kira taron kwamiti, a Kelle ne ko Gidigir ko Bune, mu je mu ji lissafi: nawa ya shiga, nawa ya fita, nawa ake bin gwamnati. Mu kai yaro tun ciwo bai yi ƙarfi ba.

Gidan likita namu ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.