Layin da bututu ya bari a gonar Baffana

Duk wanda ya bi ta gefen gonar gandunmu a watan Agusta zai ga abin da ba sai an nuna masa ba. Dawa ta tashi ta fi mutum tsawo, kore shar, amma a tsakiyarta akwai wani layi miƙaƙƙe kamar da rula aka ja shi, daga gabas har yamma, inda karan bai wuce ƙugu ba, ganyen kuma ya yi rawaya. A ƙarƙashin wannan layi wani babban bututun ruwa ne kwance, wanda wani ɗan kwangila ya binne ina aji biyar a sakandare. Ba mai ba ne, ba gas ba ne, ruwan sha ne, kuma bai taɓa yoyo ba. Amma damina biyar ke nan wurin bai dawo daidai ba.

Ranar da na fara tambayar Baffa, cewa ya yi, “Kai ɗan nan, ai ƙasar suka kashe.” A lokacin na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai. Sai da na shigo makarantar nan muka yi darasin ƙasar noma, sannan na gane Baffa ya faɗi a kalma uku abin da malami ya kwashe zango guda yana koya mana. Kuma kuɗin makarantata daga wannan gonar suke fitowa, shi ya sa da aka zo zaɓen furojet ban sha wahalar neman maudu'i ba.

Maganar ta wuce gonarmu. Ranar 30 ga Yuni, 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin bututun gas na AKK, mai faɗin inci 40 da tsawon kilomita 614, daga Ajaokuta ta jihar Kogi, ya bi ta Abuja da Neja da Kaduna zuwa Kano. A maƙwabciyarmu Nijar kuma akwai bututun ɗanyen mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, wanda ya ratsa ƙasar Damagaram da Maraɗi da Dosso. Ku ɗauki kalkuleta mu yi lissafi. A ce faɗin filin da ake sharewa don aiki mita 20 ne kacal, misali na bayar. A kilomita 614, hekta 1,228 ke nan. Ba duka ne gona ba, amma wanda ya san hanyar Kaduna zuwa Kano ya san mafi yawan abin da ke hagu da dama gona ce. Da yawanmu a nan 'ya'yan masu irin waɗannan gonaki ne, wasunmu kuma, 'yan injiniya da 'yan safiyo, su ne gobe za a ba su kwano a kai su tsaya kan aikin.

Ƙasa ba abu ɗaya ba ce daga sama har ƙasa. Idan ka leƙa ramin da aka haƙa za ka ga hawa-hawa. Ta sama, wadda a gonakinmu da wuya ta wuce santimita 15 zuwa 30, ita ce mai duhu-duhu, mai ƙanshi idan ruwan farko ya sauka. A cikinta ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da tokar shekara da shekaru suke, a cikinta tana da gara da ƙananan halittun da ido ba ya gani suke aiki, kuma a cikinta yawancin saiwoyin gero da dawa da masara suke ci. Ƙarƙashinta sai jar ƙasa ko yumɓu, a wasu wuraren burji da marmara. Wannan ta ƙasan tana riƙe ruwa, tana tallafe ta sama, amma abincin shuka a cikinta kaɗan ne. Ta saman nan ba a shekara goma take taruwa ba. Santimita ɗaya ma kan ci shekaru aru-aru.

To, ga yadda aka yi a gonarmu, da idona na gani. Katafila ta zo ta share, motar haƙa ta bi baya tana kwaso ƙasa tana jibgewa gefe guda, ta sama da ta ƙasa duk tuli ɗaya. Da aka sa bututu aka tashi cikewa, abin da ya fito ƙarshe daga rami shi ne a saman tulin, abin da ya fara fitowa kuma yana ƙasa, sai aka turo su yadda suka zo. Baƙar ƙasar da kakanninmu suka yi ta kai wa taki a mangala, wani ɓangarenta ya tafi zurfin da saiwar dawa ba ta cin moriyarsa, sauran ya cakuɗe da jar ƙasa da tsakuwa. Har yau idan ana huɗa a layin nan garma ƙara take yi.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki da na fara aune-aune shi ne, ba kan ramin ne ɓarnar ta fi yawa ba. Gefensa ne, inda motoci suka yi ta zirga-zirga. Ƙasa mai lafiya kusan rabinta kafofi ne, ƙananan ramuka da iska da ruwa ke zama ciki. Tirela ɗauke da bututu, da tifa, da injin ɗaga kaya, idan suka bi wuri ɗaya sau ɗari, waɗannan kafofin suke matsewa. Idan ƙasar busasshiya ce da sauƙi. Idan kuwa jiƙaƙƙiya ce, kamar yadda aka yi namu aikin a tsakiyar damina, to daɓe aka yi, irin wanda iyayenmu mata ke yi wa tsakar ɗaki da ruwa da madaɓi. Kuma nauyin babbar mota ba a sama yake tsayawa ba, yana iya danne ƙasa har zurfin rabin mita ko fiye. Garmar shanu ba ta kai wa can. Sai ka ga manomi ya yi huɗa, saman ya yi laushi, ya ɗauka komai ya gyaru, alhali ƙarƙashin kunyar akwai faranti.

A aji mun koyi auna wannan da nauyin busasshiyar ƙasa a kowane santimita kubik. Ƙasar noma mai kyau takan kai giram 1.3 ko 1.4. Idan mai laka-laka ta haura 1.6, saiwa ta fara shan wahala ke nan. Amma ba sai ka je dakin gwaji ba. Ni da guntun rodi na fara. Bayan an yi ruwa da kwana biyu, na soka shi a cikin gona inda aikin bai taɓa ba, ya shige kamu guda ba tare da na yi nishi ba. A kan hanyar motocin kuwa, ko tsawon tafin hannu bai shiga ba ya tsaya cak. Na tuge kan dawa ɗaya a wurin, saiwoyin duk sun bazu gefe-gefe kamar yatsun hannu a kan tebur, babu wadda ta nutsa.

Daga nan komai yake biyowa. Ruwan sama ba ya shiga, sai ya kwanta ko ya gudu da takin da ka watsa. Inda ya kwanta saiwa ba ta samun iska, ganye ya yi rawaya, manomi ya ɗauka yunwar taki ce ya ƙaro buhu, a banza. Idan kuma ruwa ya ɗauke na kwana goma, wanda ba baƙon abu ba ne a wurinmu, dawar da saiwarta ke sama-sama ita ce ta farko da za ta naɗe ganye. Ƙuduji ma, da yake ƙasa mara ƙarfi yake so, layin nan ya fi yi wa fure.

Kan ramin kuma tasa matsalar daban. Ƙasar da aka mayar ba ta zauna ba, sai damina ta farko da ta biyu ta lotsa, ta zama kwalbati. Idan layin ya bi gangare, ruwa ya samu hanya ke nan, kuma wanda ya san yadda zaizaya ke fara kwazazzabo ya san ba a wasa da ƙaramin lambatu. A fadama abin kan sauya tafiyar ruwan ƙarƙashi, wani gefen ya riƙa jiƙa fiye da da, wani ya bushe da wuri.

Sai itatuwa. Mun rasa ɗorawa biyu da gawo ɗaya, kuma ba a yarda a sake dasa itace a kan bututu, saboda saiwa da kuma masu duba layi. Gawon nan ya fi ci wa Baffa rai, don shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina, ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma ba shi taki kyauta.

Kada wani ya ce wannan sakacin ƙasarmu ne kawai. A Amurka, bayan an binne bututun Dakota Access a 2016, masu bincike na Jami'ar Jihar Iowa sun auna gonar da ya ratsa. A shekaru biyun farko amfanin masara a kan layin ya ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari, na waken suya da kusan kashi 25, kuma dannewar ƙasa da cakuɗa ta suka ɗora wa laifin. Wannan fa a inda ake da manyan taraktoci da baƙar ƙasa mai kauri. Ina ga mai shanu biyu da ƙasar da ba ta kai taƙi ba?

Nan ne batun diyya yake ba ni haushi. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasa tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma abin da aka saba ƙirgawa idan za a biya shi ne abin da ke tsaye: amfanin gona, itatuwa, gini. Mu an ƙirga dawar shekarar da itatuwa uku, aka biya, aka sa hannu. Babu wanda ya ƙirga damina huɗu da suka biyo baya, don babu wanda ya kawo maganar, har da mu. Ga bututun mai da gas, Dokar Bututun Mai ta 1956 ta tanadi diyya ga wanda aikin ya cutar da ƙasarsa. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 kuma ta wajabta yin nazari kafin a shimfiɗa bututun mai ko gas da ya wuce kilomita 50, ana kuma ajiye rahoton kwanakin aiki 21 don jama'a su duba su yi ƙorafi. Rahoto ne mai kauri, da Turanci. A ƙauye wa zai karanta shi in ba irinmu ba?

Ni ba na adawa da bututu, wallahi. Garin da namu ya kai wa ruwa yana buƙatarsa, masana'antun Kano da Kaduna kuma sun daɗe suna jiran gas. Abin da nake cewa shi ne an san yadda ake yin aikin ba tare da an kashe gona ba, kuma ba sabon ilimi ba ne. A fara kwashe ƙasar sama daga duk faɗin filin aiki, har da hanyar motoci, a tara ta daban, ta ƙasa ma daban, a mayar da su bi da bi. A yi aikin gona da rani, idan kuma ruwa ya sauka a dakata har ƙasa ta tsane. Kafin a mayar da ta sama a sa tarakta mai dogayen haƙora ta farfasa daɓen, a tsince duwatsu, a ɗan tudunta kan ramin saboda lotsawa, a yi shingen ƙasa a gangare. Duk wannan ƙarin kwanaki ne da ƙarin man dizal, shi ya sa in ba a rubuta shi cikin yarjejeniya ba, kuma ba mai tsayawa a kai, ba za a yi ba.

Idan aka fara kafa turakun safiyo a gonarku, ka je da wayarka ka ɗauki hoton amfanin da ke wurin da kwanan wata. Ka haƙa ƙaramin rami ka auna kaurin baƙar ƙasa, ka ɗebi samfuri a leda ka kawo sashen aikin gona a gwada. Ku haɗu da maƙwabtan gona ku je wurin mai gari tare, don a sa maganar shekarun da za su biyo baya kafin kowa ya dangwala yatsa. Mu da mun yi haka da muna da abin nunawa.

Inda aka riga aka yi ɓarnar kuwa, gyaran a hankali yake tafiya. Bara na roƙi Baffa ya daina zuba takin zamani a layin, mu kwashe takin turke gaba ɗaya mu kai can, mu bar karan a wurin maimakon a kwashe, mu kuma sa wake da gyaɗa a madadin dawa. Ya dube ni ya ce, “To, malamin gona, in ba ta yi ba daga kuɗin rajistarka zan cire.” Waken ya yi dama-dama. Da na koma hutun nan na sake soka rodin, ya ɗan ƙara shiga kamar yatsa biyu a gefen gabas, a gefen yamma kuwa inda tireloli suka riƙa juyawa yana nan yadda yake. Can zan ɗebi sauran samfurin furojet ɗina idan an yi girbi.