IDAN ZAREN ROBA YA ƁACE, INA MAFITA?

Akwai wata magana da ake yin ta ƙasa-ƙasa a gidan biki da gidan suna, tun daga Sabon Birni har Isa, wadda da zarar budurwa ta ɗaga labule sai manya su yi gum. In kika kuskura kika tambaya, sai ki ji Inna ta ce, "Ke ɗiyag ga, ina ruwanki da wagga magana?" Maganar ita ce ta robar tazarar haihuwa da ake sa wa matar aure a mahaifa, da fargabar da ke biyo baya ranar da aka nemi zarenta aka rasa.

To, da ruwanki kuwa. Wannan roba ta matan aure ce, babu ja a kan haka. Amma a gidaje da yawa na ƙasar Gobir ke 'yar makaranta ke kaɗai ce mai iya karanta katin asibiti, ke ce ake tura wa ki raka Yaya ko Inna wajen likita. Gobe kuma, in Allah Ya kai mu, kina ɗakinki. Rashin sani ya fi dare duhu.

MECE CE ROBAR?

'Yar ƙaramar aba ce mai siffar harafin T, tsawonta bai kai santimita 4 ba, wato ba ta kai ɗan ashana ba. An naɗe jikinta da siririn jan ƙarfe. Wani likita ɗan ƙasar Cile mai suna Jaime Zipper, da wani Ba'amurke, Howard Tatum, su ne suka haɗa siffar T da jan ƙarfe a ƙarshen shekarun 1960. Samfurin da ya fi yaɗuwa a asibitocinmu sunansa Copper T 380A, an amince da shi a Amurka a 1984, kuma yana aiki shekara 10, har zuwa 12.

Jan ƙarfen nan shi ke kashe wa maniyyi kuzari, ya hana shi haɗuwa da ƙwan mace. Cikin mata 100 da suka sa ta, ba a samun ko ɗaya cikakkiya da ke ɗaukar ciki a shekarar farko. Ba ta hana nono zuwa, kuma ranar da aka cire ta mace na iya ɗaukar ciki a watan. Tana da nata laifin: takan ƙara yawan jinin al'ada da ciwon mara, musamman a watannin farko, kuma ba ta kare mace daga cututtukan sanyi da ake ɗauka wajen kwanciya.

A gindinta akwai zare biyu sirara. Bayan an sa ta, ma'aikaciyar jinya kan datse su ta bar kamar santimita 3 suna leƙowa daga bakin mahaifa. Da wannan zare mace ke tabbatar da robar tana nan, ta hanyar taɓawa da yatsa mai tsabta bayan ta yi wankan al'ada. Da shi kuma ake kamawa a zaro ta, aikin da ba ya wuce 'yan mintoci. Kin ga ke nan zaren nan ƙarami ne, amma shi ne igiyar guga.

A jiharmu masu amfani da irin waɗannan dabaru ba su da yawa. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna matan aure kusan 2 ne kawai cikin 100 a Jihar Sakkwato ke amfani da hanyar tazara ta zamani. Shi ya sa wadda zarenta ya ɓace ba ta da maƙwabciyar da za ta ce mata, "Kwantar da hankalinki, ni ma ya taɓa faruwa da ni." Sai masu jita-jita.

INA ZAREN KE ZUWA?

Jita-jitar da ta fi tsorata mata ita ce wai robar takan bi jini ta hau zuciya ko ƙwaƙwalwa. Wallahi babu wannan hanya a jikin ɗan Adam. Mahaifa jaka ce ta tsoka mai kauri, girmanta bai wuce dunƙulen hannunki ba. In an rasa zare, ɗayan abu huɗu ne ya faru.

Na farko, kuma shi ya fi yawa nesa ba kusa ba: zaren ya nannaɗe ya koma cikin bakin mahaifa ko cikin mahaifar, ko ya tsinke, robar kuwa tana zaune daram a wurinta. Wannan ya fi samun wadda aka sa wa robar nan take bayan haihuwa, ko lokacin tiyatar haihuwa.

Na biyu, robar ta faɗo tare da jinin al'ada mace ba ta lura ba. Yakan faru ga mata kaɗan, galibi a shekarar farko.

Na uku, ciki ya shiga, mahaifa ta girma ta ja zaren sama.

Na huɗu shi ne mai wuyar aukuwa: robar ta nutse a bangon mahaifa, ko ta huda shi ta faɗa cikin ciki, kusa da hanji ko mafitsara. Wannan kan sami kamar mace 1 ko 2 cikin 1,000, yawanci tun ranar da aka sa ta. Ko a nan, iyakacinta cikin ciki, kuma ana iya ciro ta.

MU ƊAUKI MISALI

A ce ga wata baiwar Allah da aka sa wa robar a gidan mijinta na fari, bayan haihuwa ta zo mata da wuya. Aure ya mutu, ta yi zawarci, Allah Ya kawo wani. Tana son ta haifa wa sabon angonta. Ta je a cire, ma'aikaciya ta duba ta ce ba ta ga zare ba, sai ta je babban asibiti. Kunya ta hana ta gaya wa maigida, kuɗin mota babu, sai ta yi shiru ta ce ƙila ma ta faɗi da kanta. Shekara ɗaya, shekara biyu, ko ɓatan wata babu. Uwar miji ta fara gyaran murya. Dangi su ce kishiya ce ta yi mata asiri, wasu su ce namijin dare ne. A sayar da 'yar tunkiya a kai wa boka, a sha saiwa, a yi hayaƙi. Alhali abin da ya tsaya tsakaninta da goyo bai kai ɗan ashana ba, kuma yana nan yana aikin da aka sa shi.

Ta wani gefen kuma akwai wadda ta ɗauka robar tana nan, ashe ta faɗi tuni, sai ga ciki a kan ɗanyen goyo. Duka biyun, shirun ne ya cuce su.

MATAKAN DA LIKITA KE BI

Kada ki ɗauka daga an rasa zare sai wuƙa. Abin hawa-hawa ne.

Da farko za a yi gwajin fitsari a tabbatar babu ciki. In akwai ciki, dole a yi hoto da wuri a ga inda ya zauna, domin cikin da ya shiga a kan roba yakan zauna a wajen mahaifa fiye da sauran, wannan kuwa yana kisa in an yi sakaci.

In babu ciki, sai a sa ɗan siririn buroshi ko ƙaramin ƙugiya a bakin mahaifa a lalubo zaren. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

In bai fito ba sai sikanin. In hoton ya nuna robar tana zaune daidai, kuma mace ba ta son cirewa yanzu, ana iya barin ta ta ci gaba da aikinta. In tana son cirewa, ƙwararre na iya sa siririn hantsaki ya kamo ta yana kallon sikanin.

In sikanin bai gan ta a mahaifa ba, sai a yi hoton eksire na ciki gaba ɗaya, domin an yi robar yadda za ta fito a irin wannan hoton. In ba a gan ta ba, ta faɗi ke nan. In an gan ta a wajen mahaifa, sai a ciro ta ta 'yar ƙaramar huda a cibiya, ko ta tiyata. Kafin a gano inda take, kada ma'aurata su dogara da ita.

MADUBIN MAHAIFA

Saura wadda robarta ke cikin mahaifa amma ta ƙi kamuwa, ko reshenta ya nutse a tsoka, ko ta karye wani yanki ya saura. Nan ne ake kawo na'urar da likitoci ke kira histaroskof, mu kuwa mu ce madubin mahaifa. Ba sabon abu ba ne a duniya, tun 1869 wani likita mai suna Pantaleoni ya fara leƙa mahaifar mace mai rai da irinsa, sai dai na yanzu ya fi siranta da haske.

Siririn bututu ne, kaurinsa milimita 3 zuwa 5, bai kai fensirin makarantarki ba. A bakinsa akwai fitila da 'yar kyamara. Ta hanyar da jinin al'ada ke fitowa ake shigar da shi, saboda haka babu yanka, babu ɗinki, babu tabo. Ana tura ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa ya buɗa mahaifar, sai cikinta ya fito a allo kamar talabijin. Likita ya ga robar ido da ido, ya zura ɗan hantsaki ta cikin bututun, ya kama zaren ko ƙafarta, ya fito da ita a hankali.

Yawanci aikin ba ya wuce rabin sa'a. Wasu ana yi musu ido biyu bayan sun sha maganin ciwo, wasu a kashe musu bakin mahaifa da allura, wasu a sa su barci in robar ta nutse sosai. An fi son yin sa bayan ɗaukewar al'ada, kuma in akwai ciwon sanyi sai an magance shi tukuna. Galibi a ranar mace ke komawa masauki. Za ta ji ciwon mara irin na al'ada da ɗan ɗigon jini na 'yan kwanaki, maigida kuma ya yi haƙuri har jinin ya ɗauke. Amma in zazzaɓi ya zo, ko ruwa mai wari, ko jini mai yawa, ko ciwon ciki mai tsanani, a koma asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye. Kafin ta tashi daga gadon, ta roƙi a nuna mata robar ta gan ta cikakkiya da idonta.

Fifikon madubin shi ne gani. Mai laluben mahaifa da ƙarfe a makance, a bayan kantin magani ko a ɗakin unguwarzoma, yana iya huda ta, ya sa mata ƙwayar cuta, ko ya kankare ta har bangonta ya manne, haihuwar da ake nema ta gagara ɗungurungum. Garin neman gira a rasa ido. Haka mai ja da ƙarfi in robar ta turje: karyewa za ta yi. Babu kuma wata saiwa ko tsimi ko matsi da ke fito da ita.

MU DA MUKE BAKIN IYAKA

Gaskiya ɗaya ce, wannan madubi kayan manyan asibitocin birni ne. Mace daga ƙauyukan Sabon Birni ko Isa za ta fara ne da asibitin garinsu, inda za a yi mata gwajin ciki a duba zaren. In abin ya fi ƙarfinsu sai su rubuta mata takarda zuwa Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake da likitocin mata, su ne za su faɗi hanyar da ta dace da ita.

Hanya kuwa kowa ya san halin da ta shiga. Ba mu manta da Disambar 2021 ba, lokacin da 'yan bindiga suka ƙone matafiya cikin mota a wajen Gidan Bawa, kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa, Allah Ya jiƙansu. Tun 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka zuwa yankin Maraɗi gudun hijira. Mai gudun ceton rai ba ta tsayawa neman katin asibiti, sai ga mace da roba a jiki, ba ta san irinta ba, ba ta san shekarar da aka sa mata ba.

Saboda haka a san abin da ke na gaggawa da wanda ba shi ba. Ɓacewar zare kaɗai, babu ciwo, babu ɓatan wata, yana ba da sararin a shirya, a tara kuɗin mota, a bi ayari da rana. Amma ɓatan wata tare da ciwon gefen mara, ko jiri, ko zubar jini, ko zazzaɓi, wannan ba ya jiran ranar kasuwa.

AIKINKI, 'YAR MAKARANTA

Ki ɗauki biro ki kwafe abin da ke katin Yaya ko Inna a bayan littafinki: sunan robar, ranar da aka sa, asibitin da aka sa, da shekarar da za a cire. In akwai waya a gidan, a ɗauki hoton katin. Ki tuna musu cewa ko al'ada ta ɗauke saboda girma, ba a barin robar a jiki: shekara ɗaya bayan jinin ƙarshe ake cire ta ga wadda ta haura 50, shekara biyu ga wadda ba ta kai ba.

In kuma kin ga Yaya ta rame da tunani, ki lallaɓa ta cikin ladabi ki ba ta wannan shafi. Ta daure ta gaya wa maigidanta, domin shi zai ba da izinin tafiya, kuma namijin da ya san matsalar 'yar roba ce ya fi sauƙin lallashi a kan wanda ake ta raɗa wa cewa matarsa juya ce. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma wannan kam sai an sa maigida a ciki.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu nema 'ya'ya masu albarka, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in muna da rabon ganawa.