"Yaron Nan Ba Ya Ji!": Iyaye da Ɗan Bututun Kunne

Akwai gidan da ba a taɓa cewa "yaron nan ba ya ji" ba? Uwa ta kira sau uku daga madafa, yaro yana tsakar gida yana wasa, ko waiwayowa bai yi ba. Sai a ce kunnen ƙashi gare shi, a shiga neman tsumagiya. Da Hausa magana ɗaya muke yi wa mai taurin kai da wanda sauti ba ya shiga kunnensa, don haka sau da yawa mukan yi musu hukunci ɗaya. Amma fa akwai yara da yawa waɗanda ba ƙin ji suke yi ba. Ruwa ne ya taru a cikin kunnensu, maganarmu kuwa tana isa gare su kamar daga bayan katanga.

A ƙasashe kamar Amurka da Ingila, aikin da akan yi wa irin waɗannan yara yana cikin ayyukan tiyata da aka fi yi wa ƙanana. A Amurka kaɗai, an ƙiyasta yara 667,000 'yan ƙasa da shekara 15 aka yi wa a shekarar 2006. Iyayen can sun daɗe da sanin daɗinsa da wahalarsa, abin da suka gani kuwa zai amfane mu, gama ana yin aikin a manyan asibitocinmu ma.

Ruwan daga ina yake zuwa?

Ba ruwan wanka ba ne, ba kuwa na rafi ba. In ka bi ramin kunne zuwa ciki za ka tarar da wani tantani mai kama da fatar ganga, shi ne dodon kunne. A bayansa akwai ɗan ɗaki mai ƙananan ƙasusuwa 3, waɗanda suke karɓar motsin tantanin su miƙa shi can ciki. Dole ɗakin nan ya kasance cike da iska kafin ya yi aikinsa sosai. Iskar tana shiga ne ta wata siririyar hanya da ta taso daga bayan hanci. Duk wanda ya taɓa hawa tudu a mota zuwa Jos ya san ta: kunne ya toshe, ka haɗiyi yawu ko ka yi hamma, sai ka ji ya buɗe. Hanyar ce ta buɗe, iska ta wuce.

A jikin ƙaramin yaro hanyar nan gajeriya ce, a kwance take, ba ta da wuyar toshewa. Mura kaɗan ta isa. Da ta toshe, iskar da ke ɗakin sai ta ƙare, ruwa ya maye gurbinta. Da fari tsararo ne, in ya daɗe ya yi kauri kamar ƙaro. To, ka cika ganga da ruwa ka kaɗa, ka ji irin amon da za ta yi.

Abin da ya sa ciwon yake ɓuya shi ne, galibi ba zafi, ba zazzaɓi, ba abin da yake fitowa waje. Yaro yana ci, yana wasa. Jinsa ne kawai ya ragu, kamar wanda ya sa yatsu a kunnuwansa. Yau da sauƙi, gobe ya ƙaru, shi ya sa iyaye sukan ce ai yana ji in ya ga dama. Mafi yawan yara sukan yi wannan aƙalla sau ɗaya kafin su shiga makaranta. Hayaƙin taba a cikin gida yana ƙara shi, haka kuma ba jariri bulumboti yana kwance rigingine. Nonon uwa kuwa yana rage ciwon kunne.

Abin da iyaye suka fara lura da shi

Labarin iyayen yana kama da juna ƙwarai. Yaro yana matsawa kusa da rediyo ko talabijin. Yana yawan cewa "Na'am?" ko "Me?" Yana zuba wa bakin mai magana ido. In an yi masa magana daga baya, shiru. Wani maganarsa ce takan yi jinkiri, ko kuwa ya riƙa cinye ƙarshen kalmomi, domin yadda ya ji su ke nan. Wani kuma yakan zama mai saurin fushi, ya janye daga cikin 'yan'uwansa in hayaniya ta yi yawa. Sau da dama malamar makaranta ce take fara ganewa, ba uwa ba, gama a gida uwa ta saba ɗaga murya ba tare da ta sani ba.

Sa'ad da likita ya gwada ya faɗi abin da ke akwai, abin da yakan fi damun iyaye shi ne tuna yawan tsawar da suka yi wa yaron, da dūkan da ya sha a kan laifin da ba nasa ba ne. Wannan kaɗai ya isa dalilin kai yaro a duba shi kafin a yanke masa hukuncin rashin biyayya.

Wata uku na jira

Iyaye da yawa sukan yi mamaki, har su ji haushi, in likita ya ce su koma gida su dawo bayan wata 3. Ba sakaci ba ne. Ga yawancin yara ruwan yakan janye da kansa cikin wannan lokaci, ba tare da an yi kome ba. Maganin mura da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba su kawar da irin wannan ruwa, saboda haka sayensu a kemis asarar kuɗi ce kawai. Ga yaron da ya yi wayo, akwai wata 'yar balan-balan ta musamman da akan koya masa hurawa da hanci, don ta taimaki hanyar iskar ta buɗe.

A watannin nan akwai aikin da ke kan iyaye. A kira sunan yaro, a bari ya juyo tukuna kafin a faɗi saƙo. A durƙusa a yi masa magana fuska da fuska, a fili, ba da ihu ba. A kashe rediyo in ana magana da shi. A roƙi malami ya zaunar da shi a gaban aji.

In wata 3 sun wuce, ruwan yana nan a kunnuwa biyu, gwaji kuma ya nuna ji ya ragu, sa'an nan ne akan kawo maganar bututu. Akan kuma yi shawararsa ga yaron da ciwon kunne mai zafi yake yawan komo masa, misali sau 3 cikin wata 6 ko sau 4 cikin shekara, in likita ya tarar da ruwa a bayan tantanin.

Ranar aiki

Dabarar tsohuwa ce. Tun wajen 1801 wani likitan Landan, Astley Cooper, ya riƙa huda dodon kunne don taimakon masu raunin ji, amma hudar takan rufe da sauri. Likitocin da suka biyo baya sun gwada abubuwa iri iri don su hana ta rufewa. Sai a 1954 wani likitan Amurka, Beverly Armstrong, ya fito da ɗan bututun roba, daga nan aikin ya bazu.

Bututun bai fi ƙwayar shinkafa ba, siffarsa kamar ɗan kwarkwaron keken ɗinki, da baki a kowane gefe don ya zauna daram. Likita yakan duba ta madubi mai ƙara girman abu, ya bi ta ramin kunne ya yi 'yar tsaga a jikin tantanin, ya zuƙe ruwan, ya sa bututun a tsagar. Ba yanka a waje, ba ɗinki, ba tabon da ido zai gani. Aikin kansa bai cika wuce minti 15 ba, galibi kuwa a ranar ake komawa gida. Wani lokaci akan haɗa da cire wani ɗan nama da ke can bayan hanci, in ya kumbura yana tare hanyar iska. Wannan dabam yake da belin da wanzamai suke cirewa, cire beli kuwa ba ya maganin kunne ko kaɗan.

Mutane sukan zaci amfanin bututun shi ne ruwa ya riƙa tsiyayewa ta cikinsa. Babban aikinsa shi ne shigar da iska. Kowace mace ta san in ta huda gwangwanin madara wuri ɗaya, madarar ba ta zuba sosai sai ta ƙara huda ta biyu. Bututun shi ne hudar nan ta biyu. Yana riƙe wa kunne aikin hanyar da ta toshe, har yaro ya ƙara girma tasa ta gyaru.

Iyaye sukan ce ba tsagar ce ta fi ba su tsoro ba, maganin sa barci ne. Akan hana yaro abinci na wasu sa'o'i kafin aikin, wannan doka kuwa ba ta wasa ba ce, gama in da abinci a ciki yana iya yin amai ya shaƙe. Kada tausayi ya sa kaka ta ba shi ɗan koko a ɓoye. Riƙe yaro mai jin yunwa da safe, sa'an nan ka ga idonsa ya lumshe a hannun waɗanda bai sani ba, abu ne mai nauyi ga kowane mahaifi. Da yawa sun ce ba su gama zama a benci ba aka kira su. Yara sukan farka da kuka da ruɗewa, wannan aikin maganin ne, yakan wuce cikin ɗan lokaci. Zuwa yamma wasu har sun koma wasa.

Bayan an dawo gida

A nan ne labarin yakan yi daɗi. Ji yakan dawo nan da nan, har ya zo wa yaron da bazata. Wani yakan toshe kunnuwa in babur ya wuce, ko in ana daka, ya ce ƙara ta yi yawa. Wani yakan tsaya cak yana neman inda wani sauti yake fitowa, ashe kukan tsuntsu ne ko ɗigar famfo, abin da ya yi watanni bai ji ba. Shi kansa muryarsa takan sauka, gama dā da ƙarfi yake magana don ya ji kansa. Barci yakan gyaru ga waɗanda zafin kunne yake tashe su da dare.

Amma ba kowane gida ne yake da labari mai daɗi kaɗai ba, ya kamata a faɗi wannan. Kimanin yaro 1 cikin 4 kunnensa yakan zubar da ruwa ko mugunya a wani lokaci muddin bututun yana ciki, musamman in ya yi mura. Abin yakan tayar wa iyaye hankali, ko da yake galibi maganin ɗigawa da likita zai rubuta ya isa. Wani bututun yakan toshe, wani ya fita da wuri. A makonni 2 na farko akan so a kiyaye kunnen daga ruwa. Bayan haka yawancin yara ba su bukatar wata kariya ta kullum, sai dai a guji ruwan sabulu ya shiga, a kuma hana su nutso a kududdufi ko rafi. 'Yar auduga da aka shafa wa basilin a bakin kunne ta isa lokacin wanke kai.

Bututun ba na dindindin ba ne. Tantanin da kansa yakan tura shi waje a hankali, galibi tsakanin wata 6 da shekara ɗaya da rabi, hudar ta rufe. Wasu iyaye sukan tsince shi a kan matashi, wasu ba su san ma ranar da ya fita ba. Ga kimanin yara 2 cikin 100 hudar ba ta rufewa, sai an yi mata gyara daga baya. Ga wasu kuma ruwan yakan komo, a sake aikin. Uwar da aka gaya wa wannan tun farko ba za ta ga kamar an cuce ta ba.

Akwai wani bincike da ya kamata mai tunanin aikin nan ya sani. A birnin Pitsbag na Amurka, Dokta Jack Paradise da abokan aikinsa sun ɗauki yara 429 'yan ƙasa da shekara 3 waɗanda ruwan ya daɗe a kunnensu. Aka raba su biyu: kashi ɗaya aka shirya sa musu bututu nan da nan, ɗaya kashin aka jinkirta wata 6 zuwa 9, sai in ruwan bai tafi ba. Aka bi su shekara da shekaru. Sakamakon da aka buga a 2001, da wanda aka buga a 2007 sa'ad da yaran suke da shekara 9 zuwa 11, bai nuna bambanci tsakaninsu ba wajen magana, ko karatu, ko hali. A ganina wannan labari ne mai kwantar da rai. Bututu yana dawo da ji da sauri, yana sauƙaƙa wa yaro watannin da yake ciki, amma mahaifin da ya jira kaɗan, ko don shawarar likita ko don yana tara kuɗi, bai lalata wa ɗansa gaba ba. Sai dai a lura, yaran binciken lafiyayyu ne ta sauran fannoni. Yaron da aka haifa da tsaga a ganɗa, ko mai raunin gani, ko wanda maganarsa ta riga ta yi baya sosai, nasa lissafin dabam ne, ba a ja masa lokaci. Wanda kuma ba a so a yi masa aiki, ana iya ba shi na'urar ƙara ji har ruwan ya janye.

Ba kowane ciwon kunne ba ne na bututu

A ƙasarmu ana yawan zuwa asibiti da kunne mai zubar da mugunya wata da watanni. Wannan tantaninsa ya riga ya huje, ba ya bukatar wata huda. Abin da yake bukata shi ne a tsabtace shi a asibiti, a ɗiga magani, a hana ruwa shiga. Kada a raina shi, gama yana cin ji a hankali, yana kuma iya kaiwa ga ƙwaƙwalwa. Haka nan kurumtar da takan biyo bayan sanƙarau ko ƙyanda, can cikin kunne ɓarnar take, bututu ba ya kai wa gare ta. Ido ba ya iya rarrabe waɗannan a gida. Man ja, da man kaɗanya, da ruwan ganye, da gashin kaza, da tsinken ashana, ba ɗayansu da zai kai ga ruwan da ke bayan tantani, a kunnen da ya huje kuwa ɓarna za su ƙara.

Wanda yake zargin ɗansa ba ya ji sosai, sai ya fara da asibitin da ke kusa, ya roƙa a tura shi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999, asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Jos ma suna da sashen kunne. Gwajin ba ya da zafi, ana kuma yi wa yaron da bai fara magana ba. In za ku tafi, ku riƙe a ka tun yaushe kuka fara lura, sau nawa ya yi ciwon kunne a shekarar, da kalmomin da ya iya faɗa, gama tambayoyin da likita zai fara yi ke nan.