BABI NA UKU: DABARAR FIFITA JIHOHI A TAKARAR SHUGABA SHEHU SHAGARI KARO NA BIYU, 1983

3.0 Shimfiɗa

Babu ɗan takarar da ke da isasshen lokaci da dukiyar da zai bai wa kowane yanki na ƙasa muhimmanci iri ɗaya, ko da kuwa shi ne yake kan mulki. Dole ne ya zaɓi inda zai fi mai da hankali. A wannan babi za a yi ƙoƙarin fito da yadda jam'iyyar NPN ta yi irin wannan zaɓi a shekarar 1983, da dalilin yin sa, da kuma abin da ya haifar.

3.1 Tushen Dabarar

Tsarin mulkin 1979 ya tanadi cewa rinjayen ƙuri'u kaɗai bai isa a zama shugaban ƙasa ba. Sai ɗan takara ya sami aƙalla kashi 25 cikin ɗari a sulusi biyu na jihohin ƙasar, waɗanda a lokacin guda 19 ne. A zaɓen 1979 Alhaji Shehu Shagari ya cika wannan sharaɗi a jihohi 12, amma a Kano ya tsaya a kashi 19.94. Lauyansa, Richard Akinjide, ya kawo hujjar cewa sulusi biyu na 19 shi ne sha biyu da sulusi biyu, ba sha uku ba, kuma Kotun Ƙoli ta amince da haka. Duk da wannan hukunci, 'yan adawa ba su daina yi wa gwamnatin gori ba.

Daga nan ne za a fahimci manufar 1983. Jihohi bakwai ne Shagari bai kai kashi 25 a cikinsu ba, wato Anambra da Imo da Kano da Oyo da Ondo da Ogun da Legas. Abin da jam'iyyar ta sa gaba shi ne ta rage wannan adadi, ta yadda ba za a sake komawa kotu a kan lissafi ba.

3.2 Rabe-raben Jihohin

Idan aka yi la'akari da matakan da jam'iyyar ta ɗauka, ana iya kasa jihohin gida uku.

Kashi na farko shi ne jihohin da take da gwamnoni: Sakkwato da Neja da Bauci da Binuwai da Kwara da Ribas da Kuros Riba. A nan aikin bai wuce riƙe abin da ke hannu da fito da masu jefa ƙuri'a ba.

Kashi na biyu shi ne jihohin 'yan adawa da bangonsu ya tsage. A nan ne aka fi zuba ƙarfi, kuma kowace jiha da irin ƙofar da aka bi. A ƙasar Ibo, mataimakin shugaban ƙasa, Alex Ekwueme, ɗan Anambra ne. Bayan haka, a 1982 Shagari ya yi wa Odumegwu Ojukwu afuwa, ya dawo daga gudun hijira, daga baya ya shiga NPN. Wannan ya rage wa Nnamdi Azikiwe na NPP kwarjini a gidansa. A Oyo kuwa, an dogara ne ga birnin Ibadan mai ɗimbin jama'a. Shugaban jam'iyyar na ƙasa, Adisa Akinloye, ɗan Ibadan ne, haka ma ɗan takarar gwamnanta, Omololu Olunloyo, alhali gwamna Bola Ige ba ɗan garin ba ne. A Ondo, mataimakin gwamna Akin Omoboriowo ne ya bar UPN aka tsayar da shi. A Kano da Kaduna, PRP ta riga ta dare gida biyu, santsi da taɓo, sannan Malam Aminu Kano ya rasu a watan Afrilu na 1983, watanni kaɗan kafin zaɓe.

Kashi na uku shi ne Legas da Ogun, cibiyar Obafemi Awolowo, inda babu wata ɓaraka mai girma da za a shiga ta ciki.

Wani abu da ya ƙarfafa wannan dabara shi ne sauya jerin zaɓuɓɓuka. A 1979 zaɓen shugaban ƙasa ne na ƙarshe, amma a 1983 shi aka fara yi, ranar 6 ga Agusta, don haka nasararsa ta yi tasiri a kan na gwamnoni da ya biyo baya. Haka kuma 'yan adawa sun kasa tsayar da ɗan takara guda.

3.3 Sakamako

Bisa alƙaluman hukumar zaɓe ta FEDECO, Shagari ya sami ƙuri'u sama da miliyan 12, ya kuma cika sharaɗin a jihohi 16. Ke nan ya ƙara Anambra da Imo da Kano da Oyo. NPN ta karɓe kujerun gwamnoni a Anambra da Oyo da Bendel da Borno da Gongola da Kaduna. Sai dai ta rasa Kwara, wadda take ɗauka tata ce, saboda saɓanin Olusola Saraki da gwamna Adamu Atta. A Ondo kuwa, bayyana Omoboriowo a matsayin wanda ya ci ya jawo mummunar tarzoma da asarar rayuka a Akure, har kotu ta mayar wa Michael Ajasin kujerarsa.

3.4 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa dabarar ta biya buƙatar lissafi, amma ba ta samar da amincewar jama'a ba. Jihohin da aka fi matsa wa a karɓe, nan ne zargin maguɗi ya fi ƙarfi, kuma maguɗin zaɓe na cikin hujjojin da sojoji suka bayar lokacin da suka kifar da gwamnatin ranar 31 ga Disamba, 1983. Babi na gaba zai duba yadda jaridun wancan lokaci suka kalli wannan zaɓe.